Wasiƙar Godiya ga Ofishin Kula da Kayan Tarihi na Luksor

Assalamu alaikum.

Ni ɗalibi ne a Azhar, kuma mahaifina ne ya sa ni in rubuto muku a bainar jama'a. Ya zo Alƙahira aikin gwiwa. Da ya samu sauƙi na yi ta lallashinsa har muka kwana a jirgin ƙasa zuwa Luksor, ba da son ransa ba. Cewa yake yi, me zai kai shi gidan gumakan Fir'auna da furfurarsa?

A ƙofar haikalin Karnak wani ma'aikacinku ya hango shi yana dogara sanda. Ba mu roƙa ba, ya kawo keken marasa lafiya, ya ce "Bismillah, ya Hajj", ya tura shi da kansa har zauren nan mai ginshiƙai 134. Goma sha biyun da ke tsakiya sun kai mita 21, Baba ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Ma'aikacin ya ɗauko ya kaɗe, sannan ya nuna masa sunan Fir'auna Seti na ɗaya da na ɗansa Ramsis na biyu a jikin dutse, da inda mutanenku suka goge ƙura launi ya fito. Baba marini ne a ƙuruciyarsa, don haka shuɗin ne ya tsayar da shi. Da aka ce masa ba ganyen baba ba ne, yashi ne da tagulla da farar ƙasa aka gasa, kuma ya haura shekara 3,000, sai ya yi shiru yana girgiza kai.

Da yamma muka je haikalin Luksor. Maganar gumaka ta dawo, amma jagoranku bai yi masa musu ba. Sama kawai ya nuna masa: tsohuwar ƙofar masallacin Abul Hajjaj a maƙale can bisa bango. Ashe lokacin da aka gina masallacin ƙasa ta binne haikalin, da aka haƙe ƙasar sai ƙofar ta zama ba mai kaiwa gare ta. Ya zagaya da mu ta mashigar yanzu, ya riƙe Baba a matakala. A nan muka yi Magariba.

Baba ya miƙa masa ɗan abin shan shayi, ya ƙi karɓa, ya ce addu'a yake so. Yana nan yana yi masa ita har yau. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa aikinku albarka.

Naku,
Wani ɗalibi daga Kano