Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabar Hukumar Sadarwa Ta Duniya Kan Intanet A Makarantu

Mai girma Doreen Bogdan-Martin,

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan shirin Giga, wanda hukumarku ta ITU da UNICEF suka ƙaddamar a 2019 domin kai intanet kowace makaranta a duniya nan da 2030. Ina goyon bayansa da zuciya ɗaya. Rahoton da hukumomin biyu suka fitar a 2020 ya nuna yara biliyan 1.3, masu shekaru 3 zuwa 17, ba su da intanet a gida. Irin waɗannan yara, in ba a makaranta ba, ina za su same shi?

Abin da ke damuna shi ne ma'aunin da gwamnatoci ke amfani da shi. Da zarar an ja waya an kafa na'ura a ofishin hedimasta, sai a rubuta cewa makaranta ta samu intanet. UNESCO ta ce a 2023 kashi 40 cikin ɗari na makarantun firamare ne kawai ke da shi, kuma ɗaya cikin huɗu ba ta da ko wutar lantarki. Waɗanda suka samu ma, layin da zai wadaci gida guda shi ake raba wa ɗaruruwan ɗalibai, bidiyon minti biyar ya cinye rabin darasi yana tsayawa. Sai kuma kuɗin wata-wata. Mai ba da tallafi yakan biya kuɗin kafawa ya tafi, bayan shekara a yanke layin, na'ura ta zauna tana shan ƙura. Amurka ta hango wannan tun 1996, ta kafa shirin E-rate mai yi wa makarantu rangwamen kashi 20 zuwa 90 bisa talaucin ɗalibansu, da kuɗin da ake karɓa daga kamfanonin sadarwa. Ƙasashe da dama suna da irin wannan asusu. Ina roƙonki ki matsa musu su ɗora kuɗin intanet ɗin makarantu a kansa, dindindin.

Ko layin ya yi sauri, ba shi ke nan ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A Fotugal, masu bincike sun gano makin jarrabawa ya ragu a makarantun da aka fi amfani da intanet, kuma makarantun da suka bar YouTube a buɗe sun fi jin jiki. A Peru an raba wa yara dubban ɗaruruwan kwamfutoci, amma binciken 2012 bai ga ci gaba a lissafi ko karatu ba. Wannan ya taɓa min zuciya ƙwarai, don kuɗin talakawa ne, kuma shekarun yaro ba sa dawowa.

Uruguay ta bi wata hanya. Shirinta na Ceibal, da ya fara a 2007, ya haɗa na'ura da layi da horar da malamai. Da ta rasa isassun malaman Turanci, sai ta sa malami daga nesa yana koyarwa ta bidiyo, malamin aji kuma yana tsaye tare da yaransa, yana ci gaba da darasin sauran kwanakin mako. Da korona ta rufe makarantu, karatu bai tsaya cak a can ba.

Saboda haka, ranki ya daɗe, taswirar Giga da ke nuna makarantu sama da miliyan 2 ta riƙa nuna fiye da saurin layi. A bayyana ko akwai wuta, ko intanet ya kai cikin aji, wa ke biyan kuɗin wata, da malamai nawa aka horar. A tambayi kuma ko darussan suna cikin harshen da yaron ke ji. Duk ƙasar da ta nemi tallafin shirin, a sa ta amsa waɗannan tambayoyi a rubuce kafin a ja mata waya.

Na gode,
Wani malamin aji