A Faɗa wa Yara Asalin Sunayen Duniyoyi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirin kimiyya da gidan rediyonku ya gabatar a makon jiya kan duniyoyin da ke kewaya rana, kuma na ƙaru sosai. Abin da ya sa na rubuto shi ne tambayar da wani mai sauraro ya yi ta waya: wai ya ji sunayen duniyoyin nan na gumaka ne, to ya dace a koya wa yara su? Mai gabatarwa ya kauce wa tambayar. Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare, kuma ɗalibaina ma suna yi mini ita, shi ya sa nake ganin ta cancanci amsa.

Gaskiya ne, na gumaka ne. Mutanen dā sun lura da taurari biyar da ba sa tsayawa wuri ɗaya kamar sauran, sai Rumawa suka raɗa wa kowanne sunan abin bautarsu da ya yi kama da halinsa. Markuri ɗan aiken gumakansu ne, mai zafin nama, don haka aka ba da sunansa ga duniyar da ke gama zagayen rana cikin kwana 88 kacal. Mars gunkin yaƙi ne, duniyar kuwa ja ce wur, ko da yake yanzu mun san tsatsar ƙarfe ce a turɓayarta. Jufita sarkin gumakan ne. Satun ubansa ne, gunkin noma, duniyarsa kuma sai ta shekara kusan 29 da rabi kafin ta zagayo sau ɗaya.

Ta biyar ɗin kowa a nan ya san ta. Ita ce iyayenmu ke nuna mana da magariba kusa da jinjirin wata su ce Zara matar wata, idan kuma ta fito da asuba, lokacin da masu tafiya gona ke shiri, a ce Gamzaki. Abu ɗaya ne. Rumawa sun kira ta Benus, gunkiyar kyau, saboda haskenta, alhali zafin ƙasarta ya kai kimanin digiri 460, wanda ya isa ya narkar da dalma. Malamanmu na zaure kuwa sun daɗe da sanin biyar ɗin nan a littattafan Larabci: Uɗaridu (Markuri), Zuhura (Benus), Mirriku (Mars), Mushtari (Jufita) da Zuhalu (Satun). Abin takaici ne yaro ya haddace Jufita amma bai taɓa jin Mushtari ba.

Sauran an gano su ne da madubin hangen nesa, lokacin da bautar gumakan Rum ta daɗe da mutuwa. William Herschel ya gano Yuranus a Ingila a 1781, har ya so ya sa mata sunan Sarki George na Uku, sauran masana suka ƙi. Neftun sai da aka lissafo inda take a takarda kafin a hango ta daga Balin a 1846. Fuluto kuwa, wadda aka gano a 1930, wata yarinya 'yar shekara 11 a Okusfod ce ta ba da shawarar sunan, kafin a rage wa Fuluto matsayi daga jerin manyan duniyoyi a 2006. Babu mai bautar gunki a cikin masu raɗa sunayen nan, al'adar sa suna kawai suka bi. 'Yan'uwanmu na Nijar ma kullum suna rubuta mardi da jeudi (Talata da Alhamis da Faransanci) a takardun ofis, waɗanda asalinsu Mars da Jufita ne, ba wanda imaninsa ya taɓu.

Ni abin da nake gudu shi ne ɓoye wa yaro. Zai gani a intanet, kuma ba lallai wanda zai yi masa bayani a can ya kula da tarbiyyarsa ba. Gara ya ji daga bakinmu cewa abin da wasu al'ummu suka bauta wa ashe dutse ne da iska, halittu masu fitowa su faɗi, kamar yadda Annabi Ibrahim ya nuna wa mutanensa a Suratul An'am.

Don Allah ku maimaita shirin, ku haɗa sunayen namu da na boko, ku kuma riƙa sanar da mu lokacin da Zuhura ko Mushtari za su fito sarai, don in fitar da ɗalibaina su gani da idonsu.

Naku mai sauraro,
Malamin makaranta, daga Zariya