Kafin a biya kuɗin talla, a tambayi wa ya ƙirga masu ziyarar

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida mai farin jini don in ja hankalin ƙananan 'yan kasuwa masu biyan kuɗin talla a shafukan intanet. Sana'ata gina shafuka da kula da su, kuma yana ci mini tuwo a ƙwarya in ga an tura wa mai sayar da atamfa ko turaren wuta hoton alƙaluma, an ce mata mutum dubu kaza ke shigowa kullum, ita kuwa ta zaro kuɗin guminta ta biya.

Sau da yawa mai shafin ba ƙarya ya shirya ba, shi ma bai san abin da yake karantawa ba ne. Manhajar ƙirga masu ziyara ta AWStats, wadda ake samu a cikin cPanel (wurin sarrafa shafi), daga rajistar saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) take ƙirge, inda ake rubuta duk buƙatar da ta iso. Mutum ɗaya ya buɗe shafi mai hotuna ashirin, sai ya bar layi sama da ashirin. Wanda ya ɗauki wannan adadin a matsayin mutane ya riga ya ɓata lissafi.

Akwai wani bawan Allah da ya kira ni yana murna wai mutane na tururuwa shafinsa da tsakar dare. Muka buɗe rajistar tare. Layi bayan layi, wajen ƙarfe uku na dare, Googlebot ne da Bingbot, manhajojin Google da Bing masu leƙa shafuka da kansu, ke zagaye, sai wasu manhajoji da ke ta ƙwanƙwasa wp-login.php, ƙofar shigar mai kula da shafin, suna gwada kalmar sirri. AWStats kan ware manhajojin da ta sani, amma masu shigowa da sunan burauzar Chrome sai su wuce a matsayin mutane. Na tausaya masa ƙwarai, don har ya fara tunanin ƙara farashi.

Google Analytics kuma, wata manhajar ƙirgen, matsalarta daban ce. Sai ɗan rubutunta na JavaScript, wanda ake liƙawa a shafin, ya yi aiki a wayar mai karatu kafin ta ƙirga shi. Wanda ya sa manhajar toshe talla, ko wanda netiwok ya yanke masa kafin shafin ya gama buɗewa, zai iya wucewa ba a gan shi ba. Mutum guda ya shigo ta cikin Facebook da safe, da yamma ya dawo ta Chrome, sai a rubuta mutum biyu. Adireshin IP, wato lambar da ake gane inda mutum ya shigo intanet da ita, shi ma ba abin dogaro ba ne a nan, tunda kamfanonin waya kan haɗa masu layi da yawa a adireshi ɗaya, shi ya sa za ka ga mutanen Kano da Katsina sun bayyana a Legas. Sannan tsohuwar sigar Google Analytics, mai suna Universal Analytics, ta daina karɓar bayanai ranar 1 ga Yulin 2023, GA4 da ta gaje ta kuwa ba iri ɗaya suke lissafi ba.

Masu shafuka, ku riƙe ma'auni ɗaya ku bi hawa da saukarsa wata bayan wata. Ku cire ziyarar kanku, ku duba ko an liƙa rubutun ƙirgen sau biyu, don wannan kaɗai na iya ninka adadin.

Hajiya mai biyan talla, kada ki yarda da hoto. Ki ce a buɗe miki alƙaluman a gabanki, ki ga na wane wata ne, daga wace ƙasa. Abin da ya fi, ki sa lambar waya ta daban a tallar, duk wanda ya kira ta kin san daga ina ya fito.

Roƙona ga kafafen labarai na Hausa, har da wannan jarida, duk lokacin da za ku faɗa wa mai talla yawan masu karatunku, ku rubuta sunan manhajar da ta ƙirga da watannin da adadin ya ƙunsa.

Na gode.

Mai gina shafukan intanet,
Sabon Gari, Zariya