Aikin gayya da cin abinci tare ranar Asabar

Salama a gare ku iyaye da ƴan'uwa.

Asabar mai zuwa, ƙarfe 7 na safe, za mu haɗu a harabar coci mu fita yashe kwatocin layinmu kafin damina ta kankama. Mai shebur ya zo da shi, mai baro ma haka. Zumuntar Mata sun ɗauki nauyin girki, amma itace da man ja sai mun taimaka. Ko mudun shinkafa ɗaya ne, a kai wa Mama shugaba kafin Alhamis.

Kun san halin da unguwarmu Kakuri a Kaduna ke ciki tun da masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) ta rufe a 2002. Gidaje da yawa har yau ba su farfaɗo ba, kowa ya shige ɗaki da damuwarsa. Shi ya sa wannan taro yake da nauyi a zuciyata. Bara a irin wannan taro na ga wani baba da ya daina fitowa ko sujada, ya zauna a kan benci da tsohon abokin aikinsa na masaƙa, Musulmi, suna cin tuwo a kwano ɗaya, suna tuna ƙarar jiniyar canjin aiki. A wurin ne kuma wata gwauruwa ta samu telan da ya karɓi ɗanta koyon ɗinki.

Don Allah kowa ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa ya gayyace shi da baki, ko ba ɗan ikilisiya ba ne. Naman na yankan mahauta ne, ku faɗa musu hankalinsu ya kwanta.

Matasa, ku ne kan gaba. Allah ya kai mu lafiya.