Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Gombe kan tashoshin cajin motocin lantarki

Mai girma Gwamna, Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya, assalamu alaikum.

Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, dillalan motocin lantarki ke zawarcin gwamnatocin jihohi, kowa na alƙawarin kafa tashoshin caji bayan an sayi motocinsa. Ranka ya daɗe, in sun zo Gombe, kada a karɓi wannan alƙawari da fatar baki. Ribarsu tana wajen sayar da mota, tashar caji kuwa kashe kuɗi ce. Ko kamfanin motocin lantarki na Tesla, da cajojinsa suka yi suna a Amurka, ya sallami kusan duk ma'aikatan sashen caji a ƙarshen Afrilun 2024.

A fara da bakin caja. Motocin da ake kawowa daga kasuwar cikin Sin galibi nau'in bakin caja mai suna GB/T suke sha, na Turai kuma mai suna CCS2, kuma wannan ba ya shiga wancan. Kowace tasha ta ɗauki biyun. A kuma wajabta OCPP, wato ƙa'idar bai-ɗaya da caja ke magana da manhajar da ke sarrafa ta, domin in kamfani ya tattara ya tafi, wani ya iya karɓar cajojin ba tare da an tuge su ba.

Sai wuta, nan ne gizo ke saƙar. Caja mai kilowat 7 sai ta kwashe wajen awa tara kafin ta cika batir mai ƙarfin kilowat-awa 60. Mai kilowat 60 kan ɗaga shi daga kashi 20 zuwa 80 cikin minti 40. Amma irin wannan guda biyu suna bukatar taransifoma tasu, kVA 200, ba a rataya su a ta unguwa ba. Wutar da ke raguwa ko layi ɗaya ya ɗauke tana kashe caja nan take, tsawa kuma tana ƙona allonta in ba a binne wayar ƙasa da kyau ba. Lokacin da ɓarayi suka kada turakun layin Jos zuwa Gombe a 2024, duk mun ga yadda jihar ta shiga duhu, duk da megawat 40 na tashar wutar madatsar ruwan Dadin Kowa. Saboda haka sola da batir dole ne: mota goma a rana na bukatar faifan sola wajen kilowat 80.

Zafin Maris da Afrilu na sa caja ta rage gudu don kada ta ƙone, ƙurar hunturu kuma na toshe matatar fankarta. A yi rumfa, a riƙa share matatar duk mako.

A rubuta a yarjejeniya cewa caja za ta yi aiki kashi 97 cikin ɗari na lokaci, kayan gyara su zauna a Gombe, a horar da matasanmu, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin kamfani har sai tashoshin Kaltungo da Dadin Kowa sun fara aiki. Tashar Alkaleri kuwa, da yake garin na jihar Bauchi ne, a haɗa kai da gwamnatin Bauchi.

Wassalam,
Daga wasu injiniyoyin lantarki da makanikai na Gombe