A Nemi Lambar Indeksin Kafin A Sayar Da Shanun Huɗa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana a kan ƙananan kwalejojin kiwon lafiya masu zaman kansu da ke tsirowa a garuruwanmu kamar ciyawar damina.

Kada a ce raini ne. Ni ma a ƙaramar makaranta na yi karatu, kuma a ɗakin shan magani na ƙauye na yi aiki har na yi ritaya. Wanda ke yi wa mai ciki awo, ya ɗiga wa yara rigakafi, ya tsikari yatsa ya gwada zazzaɓin cizon sauro, galibi ma'aikacin lafiyar al'umma ne, wato ɗan CHEW mai karatun shekara 3, ko ƙaraminsa JCHEW mai shekara 2, irin waɗanda makarantun gwamnati na Maƙarfi, Jahun, Tsafe da Ningi suka daɗe suna yayewa. Likita kuwa sai an je birni.

'Yar ƙanena ce ta sa na ɗauki biro. Ubanta ya sayar da shanun huɗarsa ya kai ta wata kwaleji mai kyan allo a bakin titi. Na taɓa kai mata ziyara, na tarar da su cunkushe a aji, wasu a kan taga, suna koyon allura a jikin lemo. Wannan bai dame ni ba, mu ma da lemon muka fara. Abin da ban tambaya ba, kuma har yau nake cizon yatsa, shi ne ko an yi mata indeksin, wato hukuma ta yi mata rajistar ɗaliba ta ba ta lamba.

Hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma da ke Abuja tana ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, kuma wanda ba shi da lambarta ba ya zama jarrabawar ƙasa, balle ya sami lasisi. Makarantar nan ta ɗibi fiye da ƙima. Da jarrabawa ta zo sai aka ce wa yarinya sunanta bai fito ba, ta yi haƙuri sai baɗi. Baɗi biyu ke nan. Yanzu tana tsaron kemis, tana ƙirga wa mutane farasitamol.

Iyaye su sani, kowane kwas da hukumarsa: na nas da ungozoma daban, na haɗa magani daban, na gwajin jini daban, na duba-gari daban. Amincewa da kwas ɗaya ba ta rufe sauran, ko da mai makaranta ya rataye takarda a bangon ofishinsa.

Roƙona, Malam Edita, ku tura wakilanku su karɓo jerin makarantun da aka amince da su, kwas-kwas, da adadin da aka ba kowace, ku buga da Hausa kafin a fara sayar da fom na bana. Ƙanena ba ya shiga intanet, amma ana karanta masa jaridarku a majalisa.

Naku,
Wani tsohon malamin asibiti, daga Gumel.