A ware wa masu keke gefen titi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 na jingine babur na koma keke. Kullum da safe nakan ɗora 'yata a kariya, ƙanenta a kan sanda, in sauke su makaranta kafin in wuce wurin aiki.

Gajiyar ba ta dame ni ba. Titin Zariya ne ke tayar mini da hankali. Ran Talata wani mai adaidaita sahu ya matse mu har takalmin yarinyar ya gogi bakin kwata. Ta ƙanƙame rigata, ba ta saki ba sai ƙofar makaranta.

Don Allah hukumomi su ware mana layi, ko da na fenti ne, musamman kusa da makarantu.

Wani mahaifi,
Unguwa Uku, Kano